Taro Kan Fasahar Taimakon Makafi, Amma Makaho Ya Kasa Karanta Takardar Gayyata

Yau ba darasin gyaran waya na kawo muku ba. Wani abu ne yake cina a rai tun watan jiya, in ban faɗa ba ba zan samu sukuni ba. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wani dattijo makaho, malamin makaranta, da yake kawo mini wayarsa shago. Da TalkBack yake sarrafa ta, wato manhajar Android da take karanta wa mutum abin da ke kan sikirin, kuma wallahi ya fi wasu masu ido sauri. Rannan ya zo ya ce, "Injiniya, an turo mini wani abu a WhatsApp, wayar ta ce hoto ne ta yi shiru. Duba mini." Na karɓa na duba. Sanarwar taron masana ce, taken taron kuwa yadda fasahar zamani da kafafen sada zumunta za su taimaki ilimin masu buƙata ta musamman. An zuba rubutun gaba ɗaya a cikin hoto, ba a rubuta ko layi ɗaya a ƙasa ba. Na karanta masa. Ya yi dariya ya ce, "To ɗana, ai ka ga amsar binciken nasu tun ba a fara ba."

Allah da ikonsa, wani abokina mai hayar lasifika ya ɗauke ni na taya shi haɗa kayan sauti a wannan taron. Ba zan kama suna ba, abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Zauren yana saman bene, matakala ce zalla, mai keken guragu sai dai a ɗauke shi cak kamar buhun masara. Babu mai fassara da maganar hannu ko ɗaya. Kowane mai jawabi zai haska rubutu a bango ya ce da Turanci ai kamar yadda kuke gani a nan. Wa yake gani? Kwana biyu ana tafi, ana shan shayi, aka raba jakunkuna da satifiket, aka ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Kuɗin rajistar kaɗai ya fi abin da nake samu a sati biyu.

Kai mai karatu ka faɗa mini tsakaninka da Allah, wannan taro don wa aka yi shi? Kowa ya san malamin jami'a sai ya tara takardun da ya gabatar kafin a yi masa ƙarin girma. Ba laifi ba ne mutum ya nemi ci gaba. Laifin shi ne a mayar da makaho da kurma tsani, a taka su a hau, su kuma a bar su a ƙasan bene. Tun watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, dokar ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya cika a 2024. In har masu taro kan nakasa ba su nemi zauren da ya bi dokar ba, wa zai nema?

Na san wani zai ce, kai da ka tsaya a sakandare me ka sani game da bincike? Gaskiya ne, digirina sukundireba ne da dalma. Kuma ban ce bincike banza ba ne. Abin da na lura da shi dai, kusan duk abin da yake yi wa kwastomomina amfani, mai lalurar ne da kansa ya ƙirƙira ko aka yi tare da shi. Louis Braille makaho ne, yana ɗan shekara 15 ya tsara rubutun makafi a Faransa a 1824. Manhajar NVDA da take karanta kwamfuta kyauta, wani makaho ɗan Ostireliya, Michael Curran, ya fara ta a 2006, abokin aikinsa James Teh shi ma makaho ne. Be My Eyes, wadda makaho zai kira mai ido ta bidiyo ya karanta masa kwalin magani, wani ɗan Denmak mai lalurar gani, Hans Jørgen Wiberg, ya kawo ta, ta fito a 2015. Live Transcribe ta Google da take mayar da magana rubutu ta fito a 2019, akwai hannun Dimitri Kanevsky, masani ne kurma, kuma an gwada ta tare da jami'ar kurame ta Gallaudet a Amurka. Ka ga ai bincike ne, amma da masu abin aka zauna. Ciwon da ke jikin wani, sai shi ya san inda yake masa zafi.

Mu kuwa matsalarmu a fili take, ba ta buƙatar otal. Wayoyin da suke zuwa hannuna, muryar Turanci ce take karanta saƙon Hausa. A turo wa Malam "ƙanwarka ta haihu", wayar ta tauna kalmomin ta furzar kamar Bature yana koyon gaisuwa. Sai ya saurara sau uku kafin ya gane, wani lokacin sai ya ba wani ya karanta masa, sirrinsa ya fita. Ina masanan harshe da na kwamfuta? Muryar Hausa mai kyau guda ɗaya da za a saka a waya mai araha ta fi mana taro ɗari. Ga maganar hannu ta kuramen Hausa, tana nan da ranta a kasuwanni da tashoshin mota, amma bidiyon darasi nawa ka taɓa gani da ita?

Kada in zargi wasu in manta da kanmu. Mu masu gyara ma muna da namu. Mutum zai zo a rikice ya ce wayarsa ta haukace, tana ta surutu, in ya taɓa ba ta buɗewa. TalkBack ce kawai ta kunnu a aljihu. Amma sai ka ga wani ya ce sai an yi filashin, ya karɓi kuɗi, ya goge wa bawan Allah hotuna da lambobi. Haba jama'a! Ga yadda abin yake, ka riƙe. In TalkBack tana kunne, taɓawa ɗaya zaɓa ce, taɓawa biyu da sauri ita ce buɗewa, kuma da yatsu biyu ake jan shafi sama ko ƙasa. A yawancin wayoyi in ka danne maɓallan ƙara sauti da rage sauti tare na daƙiƙa 3 za ta mutu. In ba ta mutu ba ka shiga Settings, ka nemi Accessibility, ka kashe ta a can. A nan ɗin dai ake ƙara girman rubutu ga tsofaffinmu masu raunin ido. Mai iPhone tasa sunanta VoiceOver. Wannan ba abin karɓar kuɗi ba ne.

To masu shirya taro, ga roƙona, kuma babu mai tsada a ciki. Ku rubuta sanarwa da rubutu a ƙasan hoton don waya ta iya karantawa. Ku kama zauren ƙasa. Ku ɗauki mai fassara wa kurame, kuɗinsa bai kai na lemon da kuke rabawa ba. Ku ba makaho da kurma da gurgu kujera a kan mumbari su yi jawabi, ba a kira su ɗaukar hoto kawai ba. In kun gama, kowane mai takarda ya yi bayanin abin da ya gano da Hausa a saƙon murya na minti 5, a watsa. In binciken ba zai bayanu a minti 5 ga wanda aka yi dominsa ba, to a sake duba shi.

Kai ma da kake karanta wannan akwai naka. In ka ɗora hoto mai rubutu a Facebook, ka kwafe rubutun a ƙasa. Sannan shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa kyauta, kana karanta gajerun jimloli ana adanawa don masu haɗa manhaja su samu abin koya wa na'ura. Minti goma ya isa.

Malam ya dawo shago bayan taron, ya tambaye ni me aka cimma. Na ce an ce za a fitar da sanarwar bayan taro. Ya ce, "Allah Ya sa ba hoto ba ce." Har yau muna jira.