A Tambayi Labarin Kawu Kafin Wanzami Ya Zare Aska

Sanin kowa ne a ƙauyukan da ke kewaye da dajin Falgore, daga Doguwa da Tudun Wada har zuwa Kiru da Bebeji, jariri kan haɗu da wanzami tun bai haɗu da likita ba. A makon farko za a yi masa askin suna, a cire beli, wani gidan har da tsagar gado. In ya kai shekara shida ko bakwai kuma, sai a jira hunturu a yi masa kaciya. Galibin yara kan warke cikin 'yan kwanaki. Amma akwai yaron da jininsa ba ya tsayawa, kuma wani lokaci ranar da iyayensa suka gane haka ita ce ranar da suka rasa shi.

Likitoci suna kiran wannan cuta hemofiliya, watau rashin daskarewar jini. A cikin jini akwai sinadarai masu sa shi ya daskare idan an ji rauni, mai wannan cuta kuwa yakan rasa na 8 ko na 9 daga cikinsu. In abin da ke jikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 na yadda ya kamata ba, to, tasa mai tsanani ce. Rashin na 8 ya fi yawa, ana samunsa ga kimanin namiji 1 cikin 5,000. Abin lura shi ne hanyar gadonta. Mace ce ke ɗauke da ita, sau da yawa ba da saninta ba, sai ta bayyana ga ɗanta namiji. Ta haka ta bi 'ya'yan Sarauniya Biktoriya ta Ingila har ta shiga gidajen sarautar Rasha da Sifen. Ashe ke nan labarin da ake nema yana wajen dangin uwa. In wani kawun yaro ya rasu wajen kaciya, ko jini ya ƙi tsaya wa yayansa bayan cire beli, an riga an sami gargaɗi. Gaskiya ne kimanin kashi 1 cikin 3 na masu cutar ba su gaje ta daga kowa ba, amma da dama daga cikin sauran tambaya ɗaya za ta cece su.

Wanda ya tsallake askar farko, renonsa kan zama aikin dare da rana. Da ya fara rarrafe sai gwiwa ko idon sawu su kumbura, su yi zafi, ba faɗuwa ba targaɗe, domin jinin a cikin gaɓa yake zuba, inda ido ba ya gani. Mai ɗori zai ja ya matsa, wanzami zai kafa ƙaho, mai kemis zai yi allura a ɗuwawu ya haɗa da asfirin. Kowannensu da kyakkyawar niyya yake yi, kowannensu kuma ƙara zubar jinin yake yi. Gaɓar da jini ya saba zuba a cikinta takan lalace, har saurayi ɗan shekara ashirin ya koma dogara sanda. Uwa kuwa, ga jinya ga zargi, yau a ce sammu, gobe a ce iska, alhali ba ta zaɓi abin da ta gada ba.

Magani akwai shi. Ana yi wa mai cutar allurar sinadarin da ya rasa ta jijiya, tun 2017 kuma aka sami wata ta ƙarƙashin fata, emicizumab, mai rage zubar jini ga masu rashin na 8. Da irin wannan kulawa yaro kan yi karatu, ya kama aiki, ya yi aure. 'Ya'yansa maza ba za su gaji cutar daga gare shi ba, matan ne za su ɗauke ta. Ƙungiyar Hemofiliya ta Duniya, wadda aka kafa a 1963, takan aiko da magani kyauta, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma yana da likitocin jini. Sai dai tsakanin Falgore da Kano akwai kimanin kilomita 150, jinin da ya ɓalle a cikin kai ko maƙogwaro kuwa ba ya jiran mota ta cika a tasha.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure, amma gwajin sikila ba ya nuna wannan cuta. Saboda haka wajibi ne Ma'aikatar Lafiya ta tara sarakunan aska da ungozomomi na waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, ta hannun hakimai da dagatai, a koya musu su tambayi labarin kawunnan yaro da yayyensa kafin su taɓa shi. In amsar ta sa shakka, a tura shi Kano a auna jininsa, a yi masa kaciya a asibiti bayan an yi masa allura. Ya kamata kuma a ajiye allurar a babban asibitin Tudun Wada, a horar da ma'aikatan jinya a kan yin ta, a sanar da malaman makaranta cewa wannan yaro ba a yi masa bulala.