FILIN WASANNI: Kofin Da Ya Kai Minna Fagen Afirka

Matasan da ke cika filin wasa na Bako Kontagora a Minna, kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa kulob ɗin garinsu, Niger Tornadoes, ya taɓa ɗaukar tutar Nijeriya a wata gasar Afirka wadda yanzu babu ita.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ce ta kafa gasar a 1975, domin kulob-kulob da suka ci kofin ƙalubale na ƙasashensu. Tonnerre ta Kamaru ta fara ɗauka. A 1976 Shooting Stars ta Ibadan ta ƙwace shi daga hannunta, kuma shi ne kofin Afirka na farko da wani kulob ya kawo Nijeriya. Rangers ta Inugu ta maimaita a 1977, sannan BCC Lions ta Gboko a 1990.

Rabon Minna ya zo ne a 2000, sa'ad da Tornadoes ta doke Rangers da ci ɗaya da nema a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale. Wannan nasara ita ta ba ta iznin shiga gasar a 2001.

An buga ta ƙarshe a 2003. A 2004 aka haɗe ta da wata gasar, sunanta ya ɓace. To, tunda kofin ya tafi, ya rage ga hukumar wasanni ta Jihar Neja ta tattara hotuna da sunayen 'yan wasan nan tun masu ba da labarin suna raye.