Ya Tambayi Hanya, Kun Ba Shi Lacca

Ku 'yan bokon Maamobi da Nima, da ku nake. Kun mai da taron masu sana'a wurin baje kolin ilimi, kuma talakan da ya rufe shagonsa ya zo saurarenku shi kuke cuta.

Tela ya miƙe a taro ya ce ya sami damar ɗinka kayan wata makaranta, amma an ce sai ya kawo takardar rajista, ina zai fara? Amsar gajera ce. Ɗauki Ghana Card ɗinka, lambar da ke jikinsa ita ce lambar harajinka tun 2021. Je ofishin rajistar kamfanoni ka yi wa shagon suna. Buɗe asusun banki da wannan sunan, ka daina haɗa kuɗin yadi da kuɗin cefane a MoMo ɗaya. Shi ke nan. Amma sai wani ya amshe lasifika ya faro daga mulkin mallaka, ya bi ta kan jari-hujja, ya sauka a kan "sauya tunanin matasan Zango". Ana kiran Magariba taro ya watse, tela ya koma da tambayarsa a aljihu. Haba! Wannan rowa ce, rowar abin da kuka sani.

Zango bai taɓa rasa masu yi masa sharhi ba. Tsakanin 1965 da 1968 wani Bature ɗan Ingila, Keith Hart, ya zauna cikin Frafra mazauna Nima yana duba yadda suke neman abinci ba tare da albashi ba. Abin da ya wallafa a 1973 ya zaga duniya, har yau jami'o'i na karantar da shi game da sana'o'in da ba sa cikin littafin gwamnati. Shi dai ya zauna da mutane, ya san nawa suke samu, wa ke ba wa bashi. Ku da aka haifa a lungun, kun haddace kalmominsa, amma ba ku san nawa ake biyan masta kafin ya ɗauki yaro koyon gyaran mota ba.

Haka maganar gwata. Ranar 3 ga Yuni, 2015 ruwa da wuta suka kashe mutum fiye da 150 a Circle, kuma babban gwatan Nima a kogin Odaw da ke ratsawa ta can yake zuba. Uwar da ɗakinta ke bakin gwatan ba ta buƙatar bayani kan ɗumamar yanayi. So take a faɗa mata ranar da motar bola za ta zo, da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a majalisar Ayawaso ta Gabas idan ba ta zo ba.

Majalisar dokoki ta amince da Asusun Raya Zango a 2017. Mun sha jawabi a kansa har mun ƙoshi. Cikinku wa ya zauna da ƙungiyar mata masu waakye ya rubuta musu takardar neman tallafi?

Idan ba ka san amsa ba, ka ce ban sani ba, ka miƙa wa tsohon fita mai gyaran mota da ke zaune a baya lasifika, shekara talatin yana sayen kayan mota a Abossey Okai. Idan kuwa ka sani, faɗi ofishin, faɗi kuɗin, faɗi takardun da za a riƙe, sannan ranar Litinin ka raka telan nan ku je tare.