Wuta Ɗaya Ce, Don Me Za A Yi Mata Lissafi Biyu?

Kowane akawu da ya taɓa riƙe littafin baitulmali ya sani, idan littafin mai karɓar haraji ya saɓa da na ma'aji, to, ƙarshen shekara akwai rigima. Mun ɗauko wannan misali ne domin mu bayyana wa jama'a wani ciwo da ke damun sha'anin wutar lantarki a ƙasar nan, wanda garuruwa irin su Zuru, a kudancin Jihar Kebbi, su ne su ka fi jin zafinsa.

Bari mu fara da hanyar da wuta ke bi. An fara ginin dam na Kainji a 1964, aka gama a 1968, kuma dubban mutanen ƙasar Yawuri, maƙwabtan Zuru, sun tashi daga gidajensu domin ruwan ya sami wurin kwanciya. Daga tashoshi irin wannan, da Jebba da Shiroro da Zungeru, wuta na hawa manyan layuka masu ƙarfin bolt dubu 330 da dubu 132. Sa'an nan a sauko da ita bolt dubu 33, da dubu 11, har ta kai taransifomar unguwa, ta shiga gida da ƙarfin da fitila ke iya ɗauka.

A zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, duk wannan hanya hannu ɗaya ke riƙe da ita. Amma bayan dokar gyara ta 2005, da sayar da kamfanoni a watan Nuwamba 1913 da shekara ɗari, watau 2013, sai aka raba gida. Manyan layuka su ka zauna hannun Gwamnati ƙarƙashin kamfanin TCN, ƙananan layuka kuwa aka miƙa wa kamfanonin rarrabawa 11. Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna su ka faɗa rabon kamfanin Kaduna. Tun daga sa'an nan ake ta musu. Masu manyan layuka na cewa sun kawo wuta an ƙi karɓa, masu rarrabawa na cewa an kai ta inda wayoyinsu ba su iya ɗauka. Kowa da littafinsa, kowa kuma na rantsuwa da nasa.

Asalin abin yana cikin yadda injiniyoyi ke lissafi. Ba a gwada wuta a kan mutane, sai a zana surar layukan a cikin kwamfuta, a sa tsawon kowace waya da kaurinta da nauyin da ta ke ɗauka, a tambaye ta abin da zai faru in an yi kaza. Dabarar tsohuwa ce, don tun 1929 aka gina na'urar irin wannan gwaji a makarantar MIT ta Amurka. Sai dai al'adar da aka gada ita ce, mai lissafin babban layi yakan dunƙule gari guda, da kasuwarsa da asibitinsa da injinan niƙansa, ya mai da shi lamba ɗaya. Mai lissafin ƙaramin layi kuma yakan ɗauka wutar da ke zuwa masa daga sama tsayayya ce, ba ta raguwa ba ta ƙaruwa. Duka biyu zato ne, kuma a ƙasarmu duka biyu ba su cika zama gaskiya ba.

Malaman makaranta za su gane dalili. Duk tsawon waya, haka ƙarfin wuta ke raguwa kafin ya kai ƙarshenta. In kuma wutar da ke gudu cikin waya ta ninka biyu, abin da ke salwanta ya zama zafi yakan ninka huɗu. Saboda haka in babban layi ya ɗan yi rauni da magariba, sa'ad da kowa ya kunna fitila, garin da ke kusa da tasha ba ya ko lura, amma na bakin dogon layi sai ya ga fitila ta yi ja, injin famfon ruwa ya ƙi tashi. Wannan asara ba ta fitowa a littafin kowa, domin ta faɗa tsakanin littattafan biyu.

Maganin da masana ke bi yanzu shi ne a haɗa lissafin biyu su yi tafiya tare, wannan na gaya wa wancan halin da ya ke ciki a kowace sa'a, har su daidaita. Bukatar haka ta ƙaru tun da allunan hasken rana su ka yawaita, don wuta ta daina bin hanya ɗaya daga dam zuwa gida. Da irin wannan gwaji ake sanin inda sabuwar tasha za ta fi amfani kafin a kashe ko kwabo, da kuma abin da zai biyo baya in layi ɗaya ya yanke. Ba mu manta da watan Oktoba 2024 ba, sa'ad da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wani layin kuma da ke biyowa ta Binuwai ya faɗi, Kano da Katsina da jihohi da yawa na Arewa su ka kwana fiye da mako guda cikin duhu. Ko Sifen da Fotugal, da duk arzikinsu, wutarsu ta ɗauke gaba ɗaya ran 28 ga Afrilu 2025.

Watakila mai karatu ya ce, ai kwamfuta ba ta dasa turke, ba ta kuma korar ɓarayin waya. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Har ma mu ƙara da cewa abin da aka zuba mata shi ta ke mayarwa. In ba a san yawan taransifomomin Zuru da Fakai da Sakaba da Danko Wasagu ba, gidaje kuma ba su da mita, to, lissafin ya zama gini a kan yashi. Amma kuɗin gyara kaɗan ne, wuraren gyara da yawa, kuma wanda bai auna ba ya kan yanka ba daidai ba.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara sha'anin wuta a cikin iyakarsu, an kuma ware wa aikin sarrafa manyan layuka hukuma tata ta kanta, watau NISO. Shawararmu ita ce Gwamnatin Kebbi ta nemi ɓangarorin biyu su ajiye taswira ɗaya da lissafi ɗaya. Ma'aikatan ƙananan hukumomi su taimaka da ƙidayar turaka da taransifomomi, ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da na Jami'ar Aikin Gona ta Zuru su sa hannu wajen awo. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen da ke maƙwabtaka da ruwan Kainji sun cancanci a san adadin wutar da ke isa gare su. Allah ya sa a gyara.