Sinadari Kalmarmu Ce, To Ina 'Ya'yanmu a Ɗakin Gwaji?



Maganganu biyu sun zame mana ƙarfen ƙafa a majalisunmu. Ta farko ta wasu iyaye ce: "Kimiyya aikin Nasara ne, yaro ya samu allo da kasuwa ya wadatar." Ta biyu ta samari masu waya ce: "Duk abin da Turawa suka gano, wurin magabatanmu suka sace shi." A zahiri kamar abokan gaba ne, alhali uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, domin kowace tana ba mu uzurin naɗe hannu. Bari mu auna su da tarihin abu guda, wato iskar da 'yan makarantarmu ke kira azot da Faransanci, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma naitirojin.

Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari wannan abu ne. Ba shi da launi, ba shi da ƙanshi, ɗan Adam ya yi dubban shekaru yana iyo a cikinsa bai san da shi ba. A shekarar 1772 wani ɗalibin likitanci a birnin Edinbura, Daniel Rutherford, almajirin Joseph Black, ya kulle ɓera a cikin tulun gilashi har ya mutu. Ya kunna kyandir a iskar da ta rage har ya mutu shi ma, sannan ya ƙona fosforas. Ya ratsa ragowar ta cikin ruwa mai kaifi irin na toka domin ya tsame gurɓataccen numfashi. Abin da ya saura ba ya riƙe wuta, ba ya riƙe rai. Bayansa Lavoisier na Faransa, mutumin da ba ya yarda da magana sai ya ɗora ta a kan sikeli, ya raɗa masa suna azot, ma'ana marar rai. A 1790 Chaptal ya kawo ɗaya sunan, wanda ke nufin mai haifar da gishirin albarushi.

To, ga amsarmu ga masu cewa wannan ilimi baƙo ne. Ku saurari bakinku. Kalmar kimiyya kanta daga Larabci muka karɓe ta. Kalmar sinadari, wadda yau muke kiran kowane haɗi da ita, asalinta nushadir ne, wani farin gishiri da maƙeran fari ke amfani da shi wajen liƙe ƙarfe, kuma azot na cikin jikinsa. Jabir ɗan Hayyan ya yi rubutu a kansa. Abubakar Arrazi, wanda ya rasu wajen 925, ya kasa ma'adinai gida-gida, ya sa nushadir cikin masu tashi idan wuta ta taɓa su. Hasan Arrammah na ƙasar Sham, a ƙarni na 13, ya bayyana yadda ake tace gishirin albarushi da tokar itace. Waɗannan ba Nasara ba ne, ba su kuma ga saɓani tsakanin tawada da tukunyar gwaji ba.

A gida ma haka. Marina a Ƙofar Mata ta Kano suna haɗa baba da toka da ruwa, su jira rami ya nuna. Fatakenmu sun yi dakon kanwa daga yankin Tafkin Cadi zuwa kudu, har yau a kasuwannin Duwala wanda bai taɓa jin Hausa ba, in zai yi miyar acu, kanwa yake tambaya da sunanta. Manomin Katsina da na Maraɗi suna shuka wake a tsakanin gero tun kaka da kakanni, sun san ƙasa na farfaɗowa.

Amma a nan za mu juya ga samari masu alfahari, kuma ba za mu sassauta ba. Manomin nan ya san wake na gyara gona, bai san dalili ba. Sai a 1886 Hellriegel da Wilfarth a Jamus suka tabbatar cewa a ƙullutan saiwar wake akwai ƙananan halittu masu kamo azot daga iska su miƙa wa shuka. Tsakanin "yana yi" da "ga abin da ya sa yake yi" akwai tafiya mai nisa, kuma ba mu muka yi ta ba. Arrazi ya riƙe nushadir a hannu, amma bai ware iskar da ke cikinsa ba. Wanda ya ce an yi mana sata, ya nuna mana littafin da aka sace wanda ke ɗauke da ma'aunin. Har sunan ma ya ruɗi wasu: sun ji cewa tushen kalmar naitirojin yana komawa ga tsohon sunan kanwa, sai suka ce kanwa ce azot. Babu azot a asalin gishirin kanwa. Mutanen dā ne suka haɗa gishiri biyu a suna ɗaya. Alfahari ba tare da bincike ba, ƙarshensa ke nan.

Ku dubi abin da awo ya haifar. A 1909 Fritz Haber ya ɗaure azot na iska ya mai da shi ammoniya. A 1913 Carl Bosch ya tsayar da masana'antarsa a Oppau. A daidai wannan zamani Jamusawa ke mulkin Kamaru, suna ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin ruwa suna tura su inda ya zama New Bell, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell ran 8 ga Agusta 1914. Ammoniyar nan ta ba su abin fashewa a yaƙin da ya biyo baya, ita ce kuma uwar takin zamani. Ilimi ɗaya, ga harsashi ga hatsi. Wanda ya riƙe shi ne ke yanka wa wasu wurin zama.

Yau buhunan taki suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, su wuce gonakin ayaba na Mungo, su hau Arewa. A jikin buhu an rubuta 20-10-10. Lambar farko kason azot ce. Na yuriya kuwa 46. Yaranmu suna cikin masu lodi, masu tuƙi, masu sayarwa a tiya. Nawa ne cikinsu ke iya karanta lambar nan, balle su gane taki na gaske daga wanda aka cuɗa da yashi? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka muna kira ga iyaye: yaron da ya ci BEPC kuma kansa na ja a lissafi, kada a janye shi zuwa shago don ribar shekara biyu. A bar shi ya shiga ajin C ko D, mace ko namiji. Muna kira ga attajiranmu: cikin abin da ake kashewa a biki guda, a ware kuɗin rajistar ɗalibi ɗaya a sashen kimiyya na Jami'ar Duwala. Muna kira ga malamanmu na allo, waɗanda a gabansu muka durƙusa muka yi karatu: ku ambaci Jabir da Arrazi ga almajirai, ba don su yi tinƙaho ba, sai don su ji kunyar tsayawa inda waɗancan suka tsaya shekara dubu da ta wuce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu zuriya mai riƙe allo da hannu ɗaya, sikeli da ɗayan.