FILIN MUSULUNCI: Adadin 2,520 Da Rabon Gona

Jama'a, yau za mu duba wani adadi wanda malaman hisabi na da suka girmama, watau 2,520.

Shi ne mafi ƙanƙantar adadin da ke rabuwa gida biyu, gida uku, har zuwa gida goma, ba tare da ragowa ba. Rabinsa 1,260, sulusinsa 840, rubu'insa 630, humusinsa 504, sudusinsa 420, subu'insa 360, sumuninsa 315, tusu'insa 280, ushirinsa 252. Asirinsa yana cikin tushensa: 8 sau 9 sau 5 sau 7. In aka ƙidaya lambobin da ke raba shi daidai, za a sami 48. Hanyar riƙe shi kuwa mai sauƙi ce: a ninka kwanakin mako da 360.

To, ina amfaninsa ga manomi? Duk wanda ya san ƙasar Minjibir da Bichi da Ɗambatta ya san gona na manne da gona, taki ɗaya na ƙasa yana iya raba zumunci. Rabon gado kuwa, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, kan rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi yake tafiya.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, uwa, uba, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Bayan an biya bashi da wasiyya, a auna gonar, a ɗauke ta kashi 2,520. Mata tana da sumuni, 315. Uwa sudusi, 420, uba ma 420. Saura 1,365, a kasa biyar: kowane namiji 546, mace 273. A tara a gani, ko kashi ɗaya bai ɓace ba.

Amma kada mai karatu ya zaci ya sami maganin kowace mas'ala. In matan biyu ne, 315 mara ne, ba ya rabuwa biyu, sai a ninka adadin ya zama 5,040. Haka kuma ba ya rabuwa gida 11, ko 13, ko 27, alhali akwai mas'alar auli inda asali ke tashi daga 24 zuwa 27, sumunin mata ya koma tusu'i. Nan sai a nufi alƙali ko malamin da ya karanci babin fara'ili.

Abin da ake tsoro shi ne rabon ido, inda babban wa ke nuna iyaka da sanda, 'yar ragowar da ta ƙi rabuwa ta shige gonarsa. Galibi haƙƙin mace da maraya ne ke tafiya a wannan ragowa. Saboda haka a auna, a lissafa, a rubuta gaban shaidu.

Allah Ya kiyashe mu cin haƙƙin wani, amin.