Satar Louvre: fadojin Maraɗi da Tibiri sun san abin da ke ɗakunansu?

Ranar 19 ga watan Oktoba na 2025, da safe, ɓarayi suka jingina motar tsani a bangon gidan tarihi na Louvre a birnin Paris, suka yanke taga, suka kwashe kayan ado takwas na gidan sarautar Faransa cikin ƴan mintoci. Kambin sarauniya Eugénie ya faɗi musu a hanya, aka tsince shi a lotse. Hukumomi sun ƙiyasta kayan a kan yuro miliyan 88, wato sama da miliyar 57 na sefa.

A mazaunan shayi na Maraɗi an yi dariya, wasu na cewa ɓarawo ne aka yi wa sata. Amma akwai abin lura a labarin. Kafin rana ta faɗi, ma'aikatar al'adu ta Faransa ta fitar da sunan kowane abu da aka ɗauka, hotunansu suka zagaye duniya, daga baya Interpol ta sa su a kundinta. Faransa ta rabu da sarauta tun 1870, har ta yi gwanjon mafi yawan kayan a 1887, amma ragowar tana rubuce ɗaya bayan ɗaya. Mu da sarakunanmu ke kan gado har yau, in aka wayi gari wani abu ya ɓace daga fada, wace takarda za mu miƙa wa jandarma ko duwan?

Kayan sarautar ƙasar Hausa ba lu'ulu'u ba ne. Takobi ne, tambari, kwari da baka, kakaki, tukunya. Darajarsu tana cikin labarin da ke manne da su da kuma aikin da suke yi ranar naɗi. Gajere, takobin Katsina, shi ne misali mafi girma. Tarihin baka ya ce da shi Korau ya kashe Sanau, sarkin Durɓawa, ya kafa gidan da ya mulki Katsina ɗaruruwan shekaru. Da dakarun jihadi suka ci birnin a 1807, jikokin Korau suka fita, suka bi ta Damagaram, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Sun fito da sunan sarautar, da Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi, da Iya. Gajere kuwa ya tsaya a Katsina tare da tukunyar Korau da Gwauron Tambari. Ya wuce hannun Dallazawa, ya koma hannun Sulluɓawa tun da Turawan Ingila suka naɗa Muhammadu Dikko a 1906. Gidaje biyu da ba su haɗa jini da Korau ba, dukansu sun riƙe takobinsa da hannu biyu, domin sun san wanda ke riƙe da shi jama'a ke kira Sarkin Katsina.

Gobirawa ma suna da nasu a can. Cikin kayan fadar Katsina akwai wani takobi da ake kira Bebe, wanda tarihi ya ce ganima ne daga Sarkin Gobir Yakuba, da ya faɗi a yaƙi a ƙarshen ƙarni na 18. Bagobiri zai ce aro aka ba su, Bakatsine ya ce ya zo ya karɓa in ya isa. Wasan taubasantaka ya daɗe da rufe wannan shari'a. Su kuma Gobirawa, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Mayaƙi ya kafa Tibiri, sarautar ta ci gaba da Tara ta Gobir da Inna.

Shi ya sa zancen "a maido mana da kayanmu" da ake yi da Turai bai dace da lamarinmu kai tsaye ba. Faransa ta miƙa wa Senegal takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal a 2019, ta mayar wa Benin kayan fadar Abomey 26 a 2021, kuma hakan daidai ne, don sojan mamaya ne suka kwashe su. Gajere bai je Paris ba. Yana nan ƙasa da kilomita 100 daga Maraɗi, a hannun ƴan'uwa, yana aikinsa. Ban ga wani mai hankali da zai nemi a tayar da wannan magana ba.

Abin da ke hannunmu shi ne abin damuwa. Sarautun nan biyu sun yi kusan shekara 200 a bakin Gulbi, sun tara nasu: tamburan da ake bugawa daren salla, kayan dawaki, sulke, takardun da sarakuna suka yi musaya da maƙwabta. Haka ma ƙananan gidajen sarauta na kewaye irin na Jiratawa, da gidajen Durɓi da Ƙaura, inda wani lokaci tsohon abu ya fi na fada shekaru. Abokan gabansu ba masu motar tsani ba ne. Gara ce, da gobara, da ruwa: ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi har aka koma kan tudu. Sai rikicin gado, lokacin da ɗaki ke zama ba mai tsaro tsakanin rasuwa da naɗi. Sai dillalin kayan tarihi da ke zuwa da kuɗi a hannu wurin ɗan sarkin da talauci ya kama. Mafi muni kuma, mutuwar tsohon da shi kaɗai ya san sunan kowane tambari da dalilin sunan. Daga ranar, abin ya koma icce da fata.

Doka ba ta taimakon wanda bai rubuta ba. Yarjejeniyar Unesco ta 1970 tana tilasta maido da abin da aka sace daga gidan tarihi ko wuri makamancinsa ne in an nuna cewa yana cikin rajistar wurin. Nijar na da dokar kare kayan tarihi tun 1997, kuma tun 2010 an ɗaga sarakunan Katsinar Maraɗi da Gobir zuwa matsayin sultan. Girma ya ƙaru, to amma rajista aiki ne dabam.

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a raina ta ba. Wasu kayan ba a nuna su, asirinsu shi ne ƙarfinsu, masu riƙonsu kuma suna tsoron cewa abin da aka rubuta yau, gobe wani jami'i zai ce a kai shi gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Tsoron ba na banza ba ne, kuma tambarin da aka sa bayan gilashi ya daina zama tambari. Amma rajista ba baje koli ba ce. Ana iya ɗaukar hoto da awo da labarin kowane abu, a rufe kundin, kofi ɗaya wurin sultan, ɗaya wurin masu zaɓen sarki, ɗaya a ajiyar hukuma, ba mai buɗewa sai an yi asara. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankolodo tana cikin gari, ɗalibanta na da wayoyi masu ɗaukar hoto da sauti. Abin da ya rage shi ne izinin fada, kuma wannan majalisun sarakunan biyu kaɗai ke iya bayar da shi.